Zauren Sasanci na Babbar Kotun Kano: Abin da Yake Tsinana wa Mai Gidan da Banki Ke Shirin Yi wa Gwanjo

Wanda ya jinginar da gidansa a banki, bashi ya gagara biyuwa, takardar gargaɗi ta iso, kuma ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, ƙofofin da zai iya ƙwanƙwasawa a Kano ba su da yawa. Wadda muka fi ganin amfaninta ita ce zauren sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotun jiha, wato Kano Multi-Door Courthouse, da aka buɗe a 2009 bayan na Legas da ya fara aiki a 2002. Wuri ne mai kyau ga mai son a rage masa kuɗin ruwa ko a ƙara masa lokaci. Amma ba ya tsayar da gwanjo, kuma babu wanda zai karanta maka takarda a madadinka a can. Mafi yawan masu yin asara a wannan hanya rashin sanin waɗannan abubuwa biyu ne ke kayar da su.

Yadda ake shiga ba shi da wuya. Kana iya zuwa da ƙafarka ka shigar da buƙatar sasanci ko da babu ƙara a kotu, ko kuma alƙalin da shari'arku take gabansa ya tura ku. Za ka rubuta taƙaitaccen bayanin rikicin, ka haɗa kwafin takardunka, ka biya kuɗin da jadawalinsu ya nuna ka karɓi rasit, su kuma su aika wa banki gayyata. Idan banki ya amsa, sai a sa rana a haɗa ku da mai shiga tsakani. Shi ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci, ba ya cewa wane ke da gaskiya. Aikinsa ya saurari kowa, wani lokaci ya keɓe da kowane ɓangare shi kaɗai, har a kai ga matsaya. In an daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa alƙalin Babbar Kotu ya rattaba hannu, takardar ta zama hukuncin kotu.

Ga mutumin da ba shi da lauya, bambancin nan da ɗakin shari'a babba ne. Harshen Babbar Kotu Turanci ne. Ko a Miller Road aka sa shari'arka ko a Sakatariyar Audu Baƙo, za a ba ka tafinta in ka nema, amma tafinta magana yake juyawa, ba ya rubuta maka takardar kariya. Shari'ar banki kuwa kusan duk a takarda ake yin ta. Banki zai shigar da takardar rantsuwa mai sakin layi talatin ko fiye, kuma duk sakin layin da ba ka musanta da taka takardar rantsuwar ba, kotu na ɗaukarsa a matsayin ka amince da shi. Mutum zai miƙe a gaban alƙali ya yi bayani mai ratsa zuciya kan gobarar da ta cinye masa shago ko faɗuwar darajar naira, alƙali ya saurare shi da tausayi, sannan ya yanke hukunci da abin da ke cikin fayil. Ɗanka da ya yi boko ba shi da ikon tsayawa ya yi magana a madadinka, kuma ba zai sa hannu a takardar kotu da sunanka ba. Ko kai ko lauya. In kuma da sunan kamfani aka ci bashin, kamar yadda 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau da yawa ke yi, kamfani ba ya tsayawa da bakinsa a Babbar Kotu sai ta bakin lauya.

A teburin sasanci duk wannan ƙa'ida ta sassauta. Za ka yi magana da Hausa, a juya wa wakilin banki in ba ya ji. Akan yarda ka zo da ɗan'uwa ko akanta ya zauna kusa da kai. Abin da aka faɗa a ciki sirri ne, ba a ɗauko shi a kafa maka hujja da shi a kotu in sasancin ya rushe, kuma dokar sasanci ta tarayya ta 2023 ta ƙara ƙarfafa wannan. Babu jama'a a bayanka suna kallo, wanda ga magidancin da ba ya son unguwa ta san gidansa na hannun banki ba ƙaramin abu ba ne. A wannan fuska zauren ya cancanci yabo.

Inda ya gaza shi ne lokaci, kuma a nan ya kamata a tsaya a fahimci dalili.

Jinginar gida a banki iri biyu ce. Akwai wadda mutum ya miƙa takardar shaidar mallaka kawai aka ajiye, ko ya haɗa da wata 'yar takardar amincewa. A irin wannan banki ba shi da ikon sayar da gida da kansa, sai ya je kotu ya samo umarni, don haka kana da sarari. Akwai kuma cikakkiyar jingina, wadda aka rubuta yarjejeniya mai hatimi, aka biya kuɗin kan sarki, aka samo amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada, aka yi mata rajista a ofishin filaye. Mai irin wannan jingina banki ba ya buƙatar izinin kowace kotu kafin ya sayar masa da gida. Tsohuwar dokar Ingila ta 1881 da kotunan Arewa suka gada ta ce ikon sayarwa yana tabbata idan an ba ka takardar neman biya ka yi wata uku ba ka biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu a kanka, ko ka saɓa wani sharaɗi na yarjejeniyar. Ɗaya daga cikin ukun ya isa. Bankuna kuma sukan saka sharaɗi a takardar jingina da ke gajarta wata ukun zuwa wata ɗaya ko ƙasa da haka, ko ya cire shi gaba ɗaya, kuma kotu na bin abin da ka sa wa hannu. Bayan haka abin da ya rage shi ne sanarwar gwanjo ta kwana bakwai.

To, shigar da buƙata a zauren sasanci ba ya dakatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan kwanaki. Kana iya zaman jiran ranar zama ta biyu, ɗan gwanjo na can ya buga sanarwa a jaridar da ba ka taɓa saye ba. Da zarar an ƙulla ciniki da mai saye, haƙƙinka na fansar gidan ya tafi. Ko da an yi kuskure wajen sanarwa, doka ta fi kare mai sayen da ya saya da zuciya ɗaya, kai kuma abin da ya rage maka neman diyya daga banki. Arha kaɗai ba ta rushe cinikin. Sai ka nuna akwai haɗin baki, ko farashin ya yi ƙasan da ke nuna maguɗi, ko banki ya sayar wa kansa ko ma'aikacinsa.

Saboda haka abu na farko da za ka nema a zaman farko, kafin a taɓa maganar lissafi, shi ne alƙawari a rubuce daga banki cewa ba zai tallata gidan ba, ba zai sayar ba, har zuwa rana kaza. A sa ranar da lamba, kwana 60 ko 90. Alƙawarin baki na manajan reshe ba ya ɗaure sashen karɓo bashi da ke hedikwata. In banki ya ƙi bayarwa, ka san zaman nan bai tsare maka komai ba, kuma lokacin neman umarnin dakatarwa daga kotu ya yi. Nan ma kada a ruɗe ka: kotuna ba sa hana banki sayarwa don kawai kana jayayya da adadin bashin. Yawanci sai an ce ka ajiye kuɗin da banki ke nema a asusun kotu, ko ka nuna ikon sayarwar bai ma tabbata ba tukuna. Takardar neman wannan umarni ita ce takarda ɗaya da muke ganin ko da rance ne mutum ya biya lauya ya rubuta masa ita.

Rauni na biyu: in kai ka kai kanka, banki na iya ƙin zuwa, kuma zauren ba shi da sandar tilasta shi. In alƙali ne ya turo ku, sun fi zuwa. Ko sun zo ma, sau da yawa wanda aka turo ƙaramin lauya ne ko jami'in reshe da ba shi da ikon yafe ko kwabo. Yafe kuɗin ruwa kwamitin bashi na hedikwata ke yin sa, a Legas ko Abuja. Ka tambaya a gaban mai shiga tsakani: ranka ya daɗe, wanda ya zo daga banki yana da takardar izinin daidaitawa? In babu, ka nemi a rubuta cewa zai kai tayinka sama ya dawo da amsa a rana kaza. Ba rashin kunya ba ne, kuma masu shiga tsakani na ƙwarai da kansu suke fara yin wannan tambaya.

Mai shiga tsakani ba zai yi maka lissafi ba, saboda haka ƙarfinka a teburin nan gwargwadon abin da ka zo da shi ne. Ka nemi cikakken bayanin asusunka tun daga ranar da aka saka kuɗin bashin, ba na wata shida na ƙarshe ba. Ka zo da takardar tayin bashi da ka sa wa hannu, da kwafin takardar jingina, da duk rasit ko saƙon da ke nuna biyan da ka yi, da kowace wasiƙar da banki ya aiko tare da ranar da ta iso hannunka. Ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ka biya kuɗin bincike a duba fayil ɗin filin, a ga ko an yi wa jinginar rajista da amincewar gwamna, da adadin kuɗin da aka rubuta a kanta. Wannan binciken shi zai gaya maka wane iri daga cikin jingina biyun nan ke kanka, wato ko banki na buƙatar kotu ko ba ya buƙata.

A nan akwai wata magana da ke yawo a majalisu, cewa in babu sa hannun gwamna to jinginar ta rushe, gida ya kuɓuta. Tushenta hukuncin Kotun Ƙoli ne na 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. Amma wasu daga cikin hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun ƙi barin wanda ya ci bashi ya fake da rashin amincewar da shi ne doka ta ɗora wa nauyin nemowa. Ko da jinginar ta samu tangarɗa, bashin na nan. Ka riƙe wannan a matsayin abin ciniki a tebur, ba hanyar tsira ba.

Inda ake samun kuɗi na gaske shi ne cikin bayanin asusu. Jadawalin caje-caje na Babban Bankin Najeriya na 2020 ya ƙayyade tarar jinkirin biya da kashi 1 cikin ɗari a wata, a kan kuɗin da ba a biya ba, ban da kuɗin ruwan da aka saba. Kuɗin kula da bashi shi ma bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba, kuma sau ɗaya ake cire shi. A ƙaddara bashin naira miliyan 10 ne, kason da ya makara naira 800,000. Tararsa naira 8,000 ce a wata. In aka ɗora tarar a kan miliyan 10 gaba ɗaya alhali wa'adin bashin bai cika ba kuma ba a nemi a biya shi duka ba, ta zama naira 100,000 a wata. A shekara bambancin ya haura naira miliyan ɗaya, kuma shi ma ana ɗora masa ruwa. Ka duba kuma ranar da aka ƙara kuɗin ruwa, ko an sanar da kai, ko takardar tayin ta ba su wannan dama. Ka duba kuɗin inshora da na lauyoyi da na masu kimanta gida da aka zuba maka a asusu. Ko a kotu, bayanin asusu shi kaɗai ba ya tabbatar da bashi, dole banki ya nuna yadda aka kai ga adadin. Akanta da ya taɓa aikin banki zai yi maka wannan tankaɗe da kuɗin da bai kai na lauya ba, ya fitar maka da shafi ɗaya: abin da aka ba ka, abin da ka biya, abin da aka caje ka ba bisa ƙa'ida ba, abin da ka yarda ya rage. Mutumin da ya ajiye wannan shafi a tebur ana yi masa magana dabam da wanda ya zo da roƙo.

In cajin da ya wuce kima shi ne asalin rikicin, akwai wata hanya kyauta da ya kamata a bi kafin a je ko'ina: ka rubuta wa bankin ƙorafi ka karɓi lambar shaida, in wa'adin da aka ba su ya wuce, mako biyu zuwa kwana 30 gwargwadon irin ƙorafin, ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Suna iya sa a mayar maka da kuɗin. Sai dai ba sa karɓar maganar da ke gaban kotu, kuma ba sa duba abin da ya wuce shekara shida, don haka tsarin da ka bi wajen ƙwanƙwasa ƙofofin yana da tasiri. Duk wasiƙar tayin sulhu da za ka aika wa banki a wajen zauren, ka rubuta kalmomin "without prejudice" a samanta, wato ba za a kafa maka hujja da ita a kotu ba, in ba haka ba tana iya zama shaidar amsa bashi a hannunsu.

Me ake iya samu a ƙarshe? Uwar kuɗi ba a cika taɓa ta ba. Abin da bankuna ke sassautawa tara ce da wani kaso na ruwan da ya taru, musamman in ka zo da wani abu a hannu da za ka ajiye nan take. Ana samun a shimfiɗa ragowar a kan watanni. Akwai kuma mafitar da mutane ke ƙyama amma ta fi gwanjo nesa ba kusa ba: a ba ka wata huɗu ko shida ka sayar da gidan da kanka ta hannun dillalan unguwa, kuɗin ya shiga asusun da aka amince, banki ya ɗauki nasa ka ɗauki saura. Gidan da zai yi naira miliyan 35 a Hotoro ko Rijiyar Zaki in an bi shi a hankali, a gwanjo ba ya kaiwa haka, sannan a cire ladan ɗan gwanjo da kuɗin talla daga ciki. Doka ta ce rarar kuɗin gwanjo taka ce, amma in kuɗin bai kai bashin ba, ragowar na nan a wuyanka, kuma tun 2020 bankuna na da damar bin lambar BVN su kwashe abin da ke asusunka na wasu bankuna in ka sa hannu a wannan sharaɗi lokacin karɓar bashi.

Masu hulɗa da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, su fara duba wane irin ƙulli suka yi. A murabaha, wato banki ya sayi abu ya sayar maka da ribar da aka amince, farashi a ƙayyade yake tun farko, bai kamata ya ƙaru don an makara ba, tarar jinkiri kuma sadaka ake yi da ita, ba ribar banki ba ce. A ijara, wato haya, ko haɗin gwiwar da kason banki ke raguwa, gidan ko wani kasonsa mallakar banki ne har a gama biya, don haka maganar ta sha bamban da jingina. Kowane irin wannan banki yana da kwamitin malamai masu ba shi shawara, kuma ana iya neman a kai musu saɓanin.

Gidan gado kuwa matsalarsa dabam. In babban wa ne ya jinginar da gidan da ba a raba ba, ba tare da sa hannun sauran magada ba, wannan ba maganar sasanci ba ce tsakanin mutum ɗaya da banki. Duk mai haƙƙi sai ya zauna, ko a tafi kotu. In kuma mai gidan ne ya rasu da bashin a kansa, bashi na gaba da rabon gado kamar yadda Suratun Nisa'i ta bayyana, kuma kotun shari'ar Musulunci da ke rabon ba ta da ikon kwance jinginar banki. Bashin da aka riga aka sayar wa AMCON, hukumar tarayya da ke sayen basussukan da suka gagara biyuwa daga hannun bankuna, shi ma ya fita daga wannan layi: dokarsu ta 2010 ta ba su damar samo umarnin karɓe kadara daga Babbar Kotun Tarayya, wadda ke Gyaɗi-Gyaɗi a nan Kano, tun kafin a ji ta bakinka. Wanda ke wannan hali kada ya tsaya shi kaɗai. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya na da ofis a Kano, sai dai ma'auninta mai samun abin da bai wuce mafi ƙarancin albashi ba ne, naira 70,000 tun 2024, wanda ke fitar da yawancin masu gidan jingina. Ana iya gwada reshen ƙungiyar lauyoyi ko ofishin ba da agajin shari'a na Jami'ar Bayero don shawara.

Wuri mafi haɗari a duk tafiyar shi ne ranar sa hannu, ranar da kowa ke murmushi. Takardar da Turanci za a rubuta ta, kuma sau da yawa lauyan banki ne ke kawo daftarin. Da alƙali ya rattaba hannu ta zama hukuncin da aka yi da yardarka, ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin kotu, ba a rushe shi sai an tabbatar da zamba ko kuskure na gaske. Kada ka sa hannu a ranar. Ka karɓi kwafi ka nemi mako ɗaya, ka kai wa lauya ya karanta maka. Kuɗin karanta shafi uku ba kuɗin shari'a ba ne. Abin da za a duba: shin adadin da aka rubuta shi ne na ƙarshe, ko ruwa zai ci gaba da hawa a kansa? In ka makara da kaso ɗaya, akwai kwanakin uzuri, ko duk abin da aka yafe zai dawo nan take? Akwai layin da ya ce ka amince ka fita daga gidan ba tare da wani umarnin kotu ba? Wa zai biya lauyoyin banki? Kuma kada ka amsa kason wata-wata da ka san cinikinka ba zai ɗauka ba don kunyar mutanen da ke zaune. Wanda ya karya wannan yarjejeniya ya fi wanda bai shiga ba shiga uku, domin yanzu hukunci ne a kansa. Wanda ba ya karatun boko ya tabbatar an rubuta a ƙasan takardar cewa an karanta masa an fassara, da sunan wanda ya fassara.

A sa kuma a cikin yarjejeniyar, da adadin kwanaki, abin da banki zai miƙo bayan biyan ƙarshe: asalin takardar shaidar mallaka, wasiƙar da ke cewa ba a bin ka komai, takardar sakin jingina mai hatimi, da gyara sunanka a wurin hukumomin da ke ajiye bayanan masu bashi. Takardar sakin jinginar sai ka kai ta KANGIS an yi mata rajista, in ba haka ba fayil ɗin gidan zai ci gaba da nuna sunan banki, kuma duk mai sayen da ya yi bincike zai janye.